Jemage da akuyar dutse: wanne ya fi kusa da ƙarewa?

Da za a tambayi manomi a Gwaram ko Sumaila wace dabba ce ta fi buƙatar a ji tausayinta, akuyar dutse ta ƙasar Habasha ko jemagen da ke wuni a mangwaron bayan gidansa, ba zai tsaya dogon tunani ba. Akuyar nan da Habashawa ke kira waliya, duk duniya ba ta kai 1,000 ba, kuma a tsauni ɗaya take zaune. Jemage kuwa in magariba ta kawo kai sai ka ga ya yi wa sama duhu. Wa zai tausaya wa abin da ya fi ƙarfin ƙirge, ga shi kuma ɓarawon mangwaro? Amsar manomin tana da hujja, amma rabin magana ce. Ƙaranci daban, haɗarin ƙarewa daban. Akuyar dutse kaɗan ce, sai dai an san yadda ake ceto irinta, an ma yi an gani. Jemage yana da yawa, amma ranar da zai fara tafiya babu shingen da zai tsare shi, kuma mu nan ne za mu ji a jikinmu.

Su biyun sun fi kusa da juna fiye da yadda ido ke nunawa. Jemage ba tsuntsu ba ne, haihuwa yake yi, ya shayar da ɗansa nono, yana da haƙora da kunnuwa. Ba kuma ɓera ne mai fiffike ba. Masana da suka bi diddigin ƙwayoyin gado sun samu cewa ya fi kusa da akuya da doki da kare a kan ɓera. Fiffiken nasa hannu ne: yatsu huɗu suka yi tsawo, fata mai laushi ta haɗe su, babban yatsan ya rage a waje da ƙumba, da shi yake maƙale reshe. Akuya ita ma a kan yatsu take tsaye, biyu ne suka zama kofato. Jemagu sun haura iri 1,400 a duniya, wato kusan ɗaya cikin biyar na duk dabbobin da ke shayarwa. Mafi yawansu ƙanana ne masu cin ƙwari, irin waɗanda ke shiga soro da rufin makaranta. Namu na wannan magana shi ne babban, mai fuska kamar ta ɗan kwikwiyo, mai shan 'ya'yan itace. Shi ba makaho ba ne, da manyan idanunsa da hancinsa yake neman abinci.

Awakin daji kuwa ba su wuce iri tara ko makamancin haka ba. Daga ɗayansu, wadda ke duwatsun Zagros na ƙasar Iran da kewaye, aka samo akuyar gida kimanin shekara 10,000 da suka wuce. Duk jar akuyar Sakkwato da Maraɗi da ake jerawa a kasuwar Maigatari, wadda fatarta ta riƙa ƙetare Sahara har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce, jikarta ce. Akwai wata a duwatsun bakin Bahar Maliya, ta Sudan da Masar da Saudiyya. Mafi kusa da mu shi ne ragon dutse na ƙasar Azbin, wanda ɗan'uwansu ne na nesa. Waliya dai babu ita ko'ina sai tsaunukan Simiyan a arewacin Habasha, inda tsayin ƙasa ke haura mita 3,000. Bunsurunta kan wuce kilo 100, ƙahonsa ya lanƙwasa baya ya kai mita guda. Babban jemage, mai launin kara a wuya da baya, nauyinsa bai kai rabin kilo ba, ko da yake in ya buɗe fiffike yakan kai santimita 80.

Duk dabarar akuyar dutse a ƙafa take. Gefen kofaton yana da tauri da kaifi, tsakiyarsa da taushi, yatsun biyu kuma suna buɗewa su kama dutse. Da wannan take hawa inda kura da damisa ba sa iya bi. A arewacin Italiya akwai wata madatsar ruwa mai suna Cingino da awakin dutse ke hawa bangonta, wanda saura kaɗan ya miƙe tsaye, don su lashi gishirin da ke tsattsafowa daga duwatsun ginin, buƙatar da ke sa makiyayi ba dabbobinsa kanwa. Amma abin da ya zama mata mafaka shi ya zama mata kurkuku. Ba ta sauka fili ta yi tafiyar kwanaki zuwa wani tsauni. In mutane suka noma gindin dutsen, suka kora tumaki da awakinsu sama, sai dai ta ƙara hawa, kuma dutse yana da ƙarshe.

Inda suka fi rabuwa shi ne ciki. Akuya mai tuƙa ce, cikinta ɗaki huɗu, abinci kan kwana ya wuni kafin ya fita. Jemage ba shi da wannan sukunin, domin mai tashi sama ba ya ɗaukar kaya. Duk wanda ya taɓa share gindin ɓaure ko darbejiya da safe ya ga shaidar: 'yan dunƙule-dunƙule na ɓawo da zare a ƙasa, an matse su tas, wasu da shatin haƙora. Abin da yake yi shi ne ya gatsi ɗan itacen, ya danne shi da harshe a ganɗa, ya haɗiye ruwan da ƙananan ƙwayoyin, ya tofar da tuƙar. Daga nan aka samo zancen nan na cewa jemage ta baki yake kashi. Ba haka ba ne. In kashin ya zo yana rataye, juyawa yake yi ya kama reshe da manyan yatsunsa, kai a sama, ya gama ya koma yadda yake. Sau da yawa ma a cikin tashi yake sakinsa, don abin da ya haɗiya kan fita cikin kamar rabin sa'a, wasu ƙwayoyin kuma su daɗe fiye da haka. Wani bincike da aka wallafa a 2016, wanda aka ɗaura wa jemagun ƙasar Gana na'urar bin sawu, ya nuna suna iya kai iri har nisan kilomita 75 daga bishiyar da suka sha. Babu biri ko tsuntsun gida da ke yin haka. Manyan 'ya'ya irin na kaɗanya da mangwaro kuwa ɗauka yake a baki ya tafi wata bishiya ya sha, ya yar da ƙwallon a can.

A yi wa akuya adalci, ita ma tana shuka. Ƙwayar gawo da ta bagaruwa suna da taurin ɓawo, sun fi tsirowa in sun bi ta cikin dabba, shi ya sa ake ganin 'yan gawo a gonar da aka zuba takin awaki. Sai dai abin da ta shuka da damina ita ke bi ta cinye da rani. Najeriya na da awaki sama da miliyan 70, galibinsu a Arewa, kuma da an kawar da amfanin gona sakinsu ake yi.

Aikin jemage da ya fi shafar tukunyarmu ba a 'ya'ya yake ba, a fure yake. Kuka tana fure ne wajen faɗuwar damina. Furen babba ne, fari, yana reto a doguwar igiya nesa da ganye, ba ya buɗewa sai rana ta faɗi, warinsa ba mai daɗi ba ne a hancin mutum, kuma kafin wata magaribar ya yi yaushi ya fara baƙi. Duk wannan tsari na baƙon dare ne. Jemage yakan zo ya rungume furen, ya cusa kai ya lashi ruwan zaƙin, garin furen ya manne masa a gashin ƙirji da wuya, ya tashi ya kai wa wata kukar. Haka rimi, wanda ke fure cikin hunturu. Haka ɗorawa, da jajayen furanninta masu lilo da ke fitowa da rani. Tun a shekarun 1950 masana suka rubuta yadda jemagu ke ziyartar furen ɗorawa a Gana. Ke nan kalwar da mata ke dafawa su yi daddawa, da garin ɗorawar da yara ke sha, da makubar da ake shafe daɓe da katanga, duk akwai hannunsa a ciki. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Kada a kai maganar inda ba ta kai ba. Ƙudan zuma ma suna wannan aiki a ɗorawa, a wasu wuraren ma su ne ke ɗauke da mafi yawansa. Miyar kuka kuma da ganye ake yinta, ganye bai damu da jemage ba. Abin da jemage ya fi ƙudan zuma da shi nisa ne. A da, da bishiyoyi ke kusa da juna, ƙwaro ya isa. Yanzu da za ka yi tafiya mai tsawo tsakanin wannan ɗorawa da waccan a gonakin Ringim ko Gezawa, sai mai dogon fiffike ne zai haɗa su, kuma bishiyar da ta samu garin fure daga wata ta fi ba da iri mai ƙwari. Ka duba kukokin da ke gonaki, yawancinsu sun girmi kakanninmu, kuma da yawa an aske su ƙwal saboda ganye har ba sa samun damar fure. Ƙananan da za su gaje su ba su da yawa.

Jemagun ma ba iri ɗaya ke wannan hidima ba. Akwai mazauna, matsakaita, waɗanda ke maƙalewa 'yan kaɗan-kaɗan a cikin duhun mangwaro da darbejiya duk shekara. Namijinsu yana da farin gashi a kafaɗa, shi ne mai ƙarar nan ta ƙwal-ƙwal da ake ji cikin dare. Su ke nan lokacin furen ɗorawa. Sai kuma manyan, masu tafiya dubbai, waɗanda ke bin ruwa: da rani suna kudu, a birane irin su Akra da Ile-Ife, in damina ta kama sai su yo arewa har bakin Sahel suna bin abin da ya nuna.

Abin da yawan nan ke ɓoyewa shi ne haihuwa. Akuyar gida takan haifi tagwaye, tana iya haihuwa sau uku a shekara biyu. Ta dutse sau ɗaya a shekara, ɗa ɗaya, wani lokaci biyu, bayan cikin wata biyar ko ɗan fiye. Babban jemage kuwa, duk ƙanƙantarsa, ɗa ɗaya tak uwar ke haifa a shekara, ta riƙa yawo da shi manne a ƙirji har ya yi ƙwari. Yana rama wannan da tsawon rai, don an ga wanda ya haura shekara 20 a hannun masu kiwo. Dabbar da ke rayuwa a haka, in aka kashe iyaye da yawa a lokaci guda, sai an yi shekaru kafin gurbin ya cike. Ɓera ne ake kashewa yau gobe ya dawo. A Gana, inda ake cin namansa, wani bincike na 2011 ya ƙiyasta ana sayar da aƙalla 128,000 a shekara. Ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke cikin haɗari, ta riga ta sa shi a jerin waɗanda ke dab da shiga matsala. An taɓa ganin irin wannan a Amurka. Akwai wata tattabarar daji da a ƙarni na 19 ake lissafinta da biliyoyi, garkenta kan rufe rana. Aka yi ta harbi ana sare dazukan da take kwana, kowa na cewa ba ta ƙarewa. Ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati a 1914.

Tarihin awakin dutse ya bi wata hanyar. A ƙarni na 19 mafarauta sun cinye na duwatsun Alps har saura ƙasa da 100 a yankin Gran Paradiso na Italiya. A 1856 Sarki Victor Emmanuel na biyu ya killace wurin ya zuba masu gadi, ba don tausayi ba, don ya riƙa farauta shi kaɗai. A 1922 wurin ya zama gandun gwamnati. Daga wannan ɗan garke aka riƙa ɗiba ana kaiwa wasu duwatsu, yau sun kai dubu hamsin ko fiye. A Pakistan, akuyar dutsensu mai murɗaɗɗen ƙaho, markhor, an ceto ta ne da kuɗi. Gwamnati na ba da lasisin harbin tsofaffin bunsuraye 'yan ƙalilan a shekara, attajiran waje na biyan fiye da dala 100,000 a kan guda, kashi 80 cikin ɗari na kuɗin kuma na mutanen ƙauyukan ne. Wanda da yake harbinta don nama ya koma mai gadinta. A 2015 aka sauke ta daga jerin masu fuskantar ƙarewa. Waliya ma da aka kafa gandun Simiyan a 1969, lokacin ba ta wuce kimanin 200 ba, ta farfaɗo ta ninka sau da yawa. Habashawa suna alfahari da ita har sunanta ƙungiyar ƙwallon ƙafarsu ta ƙasa ke amsawa.

Ba kullum ake dacewa ba. Adadin waliya ya sake zubewa a shekarun nan da yaƙi ya ɗaiɗaita arewacin Habasha, masu gadi suka rasa ƙarfi. A Sifaniya kuma an makara: akuyar dutsen Pyrenees ta ƙarshe ta mutu a Janairun 2000, aka yi ƙoƙarin dawo da ita daga ƙwayoyin jikinta da aka adana, 'yar da aka haifa a 2003 ba ta yi minti goma a duniya ba. Duk da haka darasin bai canza ba. Dabbar da ke wuri ɗaya, ake iya ƙirga ta da tabarau mai hangen nesa, take da ƙahon da mai kuɗi ke sha'awa, ana iya tsare ta muddin akwai hukuma da albashin ma'aikata.

Gwada wannan a kan jemage ka gani. Taronsa mafi girma a duniya yana gandun Kasanka na ƙasar Zambiya, inda miliyoyi ke sauka daga Oktoba zuwa Disamba a wani ɗan kurmi da za ka zaga da ƙafa. Wurin kwanan a killace yake, amma abincin yana wajen gandun, a dazukan da ake sarewa ana noma. In Disamba ta wuce kuma sai su watse zuwa wasu ƙasashe, an bi sawun wani da ya yi tafiyar sama da kilomita 2,000. Wace hukuma ce za ta yi gadin wannan? A nan gida ana iya zuba ma'aikata a dajin Falgore ko a Baturiya, amma rayuwar jemage ba a can take ba. Tana kan ɓauren da ke bakin rafi, da rimin kasuwa, da ɗorawar gonar wane, da darbejiyar maƙabarta. Kowace bishiya da mai ita, kowane mai ita da matsalarsa. Mu ba ma cin jemage, in ban da yara da danƙo babu mai farautarsa. Gatari ne ke korarsa. An raba gado, gona ta faɗo hannun wanda ke birni, mai gawayi ya zo ya yi tayi, an sallama. Ko kuma a ce jemagu sun dami unguwa da kuka da ƙazanta, a sa a datse bishiyar. Babu wanda ya yi niyyar ƙarar da wata halitta, kowa bishiya ɗaya ya sare. Kuma tun da makamashin girki ya yi tsada, buhunan gawayin da ake jerawa a bakin titi ba raguwa suke ba.

Akwai zancen cuta, kuma ba ƙarya ba ne. Jemagu na ɗauke da ƙwayoyin cuta da su ba sa kwantar da su. Cutar Marburg daga wani jemagen kogo take fitowa. A Bangaladash cutar Nipah na kama mutane ta ruwan itacen dabino da jemagu suka lasa cikin dare. Wata 'yar'uwar cutar haukan kare ma a Legas aka fara gano ta a jikin babban jemage a 1956. A lokacin Ebola a 2014, shekarar da aka yi ta wanka da ruwan gishiri, an zarge shi sosai. Don haka hana yara tsintar mangwaron da ke da shatin haƙora, da hana su wasa da mataccen jemage, wajibi ne. Amma kisan gilla ba ya magance abin. A Yuganda an taɓa hallaka jemagun wani ramin haƙar ma'adinai saboda Marburg, bayan 'yan shekaru wasu suka dawo suka cike ramin, aka auna aka samu masu ɗauke da cutar a cikinsu sun fi na da yawa.

Saura kukan mai lambu, wanda shi ne ya fi kowa gaskiya a wannan rigima, domin shi ke asara. Tsibirin Morishus ya gwada hanyar bindiga. Daga 2015 gwamnati ta sa aka harbe dubban jemagu saboda mangwaro da wasu 'ya'yan itace. Jemagun suka ragu har aka mayar da su jerin masu fuskantar ƙarewa a 2018, amfanin lambun kuwa bai ƙaru yadda aka yi alkawari ba, saboda iska da tsuntsaye da ɓeraye da faɗuwar 'ya'ya su ma suna cin nasu kason. Abin da aka ga yana aiki shi ne rage wa bishiya tsayi da lulluɓe ta da raga. Raga tana da tsada ga mai bishiya biyar a ƙauye, kuma tsohon mangwaron da ya fi soro tsawo ba ya lulluɓuwa. Amma jemage da hanci yake zuwa, nunanne yake bi, ɗanye bai dame shi ba. Mai lambun da ke tsinke mangwaronsa da ya ƙosa, kafin ya nuna a sama, kamar yadda masu lodi zuwa kasuwar 'Yan Lemo suke so dama, kaɗan yake rasawa. Wanda ya fi shan ɓarna shi ne mai barin 'ya'ya su nuna a reshe yana jiran farashi ya tashi.